Amsa: Wa ke shuka itatuwan da ke kan tsaunukan ƙanƙara?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda itacen fayin mai farin ɓawo (fayin wani irin itace ne mai ganye kamar allura) ke tsirowa a ƙololuwar tsaunukan yammacin Amurka da Kanada, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Tsuntsu ne manominsa.

Wannan itace, wanda masana ke kira Pinus albicaulis, ƙwansonsa ba ya buɗewa da kansa, kuma ƙwayarsa ba ta da fiffiken da iska za ta ɗauka. Wani tsuntsu ɗan uwan hankaka ne ke fasa ƙwanson da baki, ya cika wata jaka da ke ƙarƙashin harshensa, ya je ya binne ƙwayoyin 'yan kaɗan-kaɗan a rami, dubbai a kaka guda. Yakan zaɓi fili, irin wurin da gobara ta cinye ko gangaren da iska ke share ƙanƙara. Waɗanda bai tono ba su ke tsirowa, shi ya sa za ka ga kututture uku ko huɗu sun fito a rami ɗaya.

Ƙanƙarar ma ba abokiyar gaba ba ce. Tana lulluɓe ƙaramin tsiro kamar bargo. Reshen da ya leƙo sama shi iska ke busarwa, sai itacen ya kwanta ya zama gajere, a karkace.

Girmansa sai haƙuri: yakan kai shekara 60 kafin ya ba da 'ya'ya sosai. Abin da ya fi damuna shi ne wata cutar naman gwari da ke kashe itacen, har Amurka ta sa shi cikin itatuwan da ke fuskantar barazana a 2022.