Hali zanen dutse da zama a ƙarƙashin alheri

Wata mai karatu ta rubuto cewa tun tana ƙarama take jin ana cewa "hali zanen dutse", amma a coci ana koyar da cewa mai bi yana iya rinjayar "halin mutuntaka" saboda yana "ƙarƙashin alheri". Tana so ta san ma'anar waɗannan kalmomi, da kuma ko karin maganar ta saɓa wa koyarwar.

Malama, bari mu fara da halin mutuntaka, domin a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. A bakin Bahaushe mutuntaka ba abin kunya ba ce, tushenta ɗaya da mutunci. Amma a fassarar Hausa ta wasiƙun Manzo Bulus an yi amfani da ita a madadin kalmar Helenanci "sarks", wadda asalin ma'anarta nama ce. Ba tsoka da fata Bulus yake zargi ba, domin da ya lissafa ayyukan wannan hali a Galatiyawa 5:19-21, ya haɗa fasikanci da buguwa wuri ɗaya da gāba, da jayayya, da hassada, da bautar gumaka, waɗanda a zuciya suke tsira. Abin da ake nufi shi ne karkatar da ke cikin ɗan Adam zuwa son zuciyarsa, yana juya wa Allah baya.

Ita kuwa karin maganar, gaskiya ta faɗa a kan iyakar ƙarfin mutum, kuma Bulus ma bai musa ba, tun da ya ce a Romawa 7:19 nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Inda koyarwar Kirista ta ɗora a kai shi ne, ba ta ce mutum ya yi ta kankare zanen da hannunsa ba. A Ezekiyel 36:26 Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutsen ɗungurungum, ya ba da sabuwa, Romawa 6:6 kuma ta ce an gicciye tsohon halin tare da Almasihu. A kan wannan batu ne Agustin, babban malamin coci na zamanin dā, ya yi doguwar muhawara da wani malami mai suna Felajiyus, wanda ya ɗauka mutum na iya barin zunubi da ƙudurin kansa, har taron shugabannin coci da aka yi a birnin Kartej a shekarar 418 ya ƙi ra'ayin Felajiyus.

Alheri daga Larabci ta shigo, wato "al-khair", kuma ta zauna daram a Hausa. Muna cewa "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza", muna kuma cewa "alheri gadon barci". Ki lura, a duka biyun mai yin alherin ake kallo, ana tabbatar masa cewa abin da ya shuka zai dawo masa. Alherin da Bulus yake nufi, "karis" a Helenanci, kyauta ce ga wanda bai cancanta ba, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta ce ceto baiwar Allah ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya. A ganina masu fassara sun zaɓi kalmar da ta dace, sai dai dole mai koyarwa ya riƙa fayyace wannan bambanci, in ba haka ba mai sauraro zai zaci biyan bashi ne.

Kalmar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi ita ce "ƙarƙashin". Idan Bahaushe ya ce wane yana ƙarƙashin wane, mulki da biyayya yake nufi. Don haka da Romawa 6:14 ta ce zunubi ba zai mallaki mai bi ba domin yana ƙarƙashin alheri, sauyin ubangida take bayyanawa, kuma aya ta 15 ta tare hanzarin mai cewa to bari mu ci gaba da zunubi. Titus 2:11-12 ma ta ce alherin nan yana horar da mu mu ƙi rashin tsoron Allah. Mai saurin fushi zai ci gaba da jin zuciyarsa tana tafasa idan aka zage shi a bainar jama'a, gama Galatiyawa 5:17 ta ce Ruhun Allah da halin mutuntaka suna gāba da juna, amma yanzu yana da ikon haɗiye baƙar maganar da ta zo masa baki, in kuma ta kuɓuce, ya koma ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa rai.