Tambayi Likita: yadda ake sauraron mai damuwa

Tambaya: Likita, ƙanwata ta rasa mijinta wata huɗu ke nan. Kullum ina ba ta haƙuri, sai ta yi shiru ta shige ɗaki. Yaya zan yi? (Wata baiwar Allah, Marwa)

Amsa: Allah ya jiƙansa. Hajiya, haƙuri kam ta sha jin sa tun ranar zaman makoki. Abin da ta rasa shi ne mai jin ta bakinta. Ki same ta bayan isha'i, yara sun yi barci, ki ajiye waya, ku zauna kan tabarma ɗaya. In kika ce "Lafiya dai?" za ta ce lafiya lau, magana ta mutu. Gara ki ce, "Yaya kike kwana yanzu?" In ta yi shiru, ki ƙyale ta, kada ki cika wurin da nasiha. In ta ce ko abinci ba ya mata daɗi, ki ce, "Wato komai ya fita daga ranki." Tana jin kin fahimce ta, za ta ƙara buɗe ciki. Tun 1957 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Carl Rogers, ya sa irin wannan fahimta, da karɓar mutum ba tare da hukunta shi ba, cikin sharuɗɗan samun sauƙi. Amma in ta daina barci da cin abinci, tana ramewa, ki kai ta asibiti.

Tambaya: Ɗana ɗan acaɓa ne, yana shan tramol. Na yi faɗa har na gaji. (Wani uba, Garwa)

Amsa: Alhaji, faɗa yakan sa yaro ya tsaya kare abin da yake yi. Tambaye shi me ƙwayar take yi masa, ka jure amsar. Wataƙila ya ce gajiya take ɗauke masa. Sannan ka ce, "To me ta ɓata maka?" Dalilin dainawa in ya fito daga bakinsa ya fi naka tasiri. Kada ya yanke ta farat ɗaya, jiki zai rikice. A nemi likita, domin yawan shanta na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Tambaya: Ina aikin sa-kai a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao. Wani ya ce mini rayuwa ta ishe shi. In tambaye shi ko yana nufin kashe kansa? (Wani matashi, Mokolo)

Amsa: Ƙwarai, ƙanena. Tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. Sai dai kada ka matsa masa ya ba ka labarin abin da ya gani a hanya. Littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya taƙaita aikinka a abu uku: duba, saurara, haɗa shi da masu taimako. In ya amsa e, sirri ya ƙare a nan. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya daga kusa, ka raka shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar.