Idan layukan suka gitta juna

Ɗana, ka ce ka ɗora tsarin Cox, lissafin nan da ke kwatanta haɗarin mutuwa tsakanin rukunonin marasa lafiya, a kan bayananka, ka gwada da cox.zph (gwajin da ke duba ko bayanan sun bi sharaɗin tsarin) a manhajar lissafi ta R, ƙimar p, wato sakamakon gwajin, ta faɗo ƙasa da 0.05, alamar an karya sharaɗin, kana tambaya ko aikin ya lalace. Bai lalace ba, kwantar da hankalinka.

Sharaɗin da David Cox ya gina tsarinsa a kai a 1972 shi ne, idan haɗarin mutuwa a wannan rukuni ya ninka na wancan sau biyu a watan farko, haka zai zauna har ƙarshen bibiya. Jikin ɗan Adam kuwa ba kullum yake bin wannan ba. Ɗauki tiyata da magani. Wanda aka yi wa aiki, makonnin farko ne masu nauyi: zubar jini, ruɓewar rauni. In ya haye su, sau da yawa sai ya fi mai shan magani daɗewa. Layukan Kaplan-Meier, masu nuna kason waɗanda suke raye a kowane rukuni a kan lokaci, su gitta juna, kwamfuta ta ba ka lamba guda ta kwatanta haɗarin rukunonin biyu, kusa da 1, kamar babu bambanci. Alhali akwai, har biyu ma, cinye juna suka yi.

Don haka kada ka tsaya kan p. Gwajin cox.zph ɗin nan na masana ƙididdiga Grambsch da Therneau ne, na 1994, kuma ƙarfinsa yana bin yawan waɗanda suka rasu. In suna da yawa, ɗan karkata kaɗan sai ya yi kururuwa. In kaɗan ne, ya yi gum ko da ɓarnar babba ce. Zana ragowar Schoenfeld, wato tazarar da ke tsakanin abin da aka gani da abin da tsarin ya yi hasashe a kowace mutuwa, a kan lokaci ka zuba ido. Layi a kwance, lafiya lau. In ya hau ko ya gangara, lura da inda ya fara.

Sai ka duba wane abu ne cikin waɗanda ka saka a tsarin ya karya sharaɗin. In abin da ba shi kake bincike ba ne, kamar asibitin da aka kwantar da mutum, raba bayanan aji-aji a kansa, kowane asibiti da nasa haɗarin tushe. Za ka rasa lambarsa, amma dama ba ita kake nema ba. In kuwa maganin ne da kansa, ba a binne shi haka. Yanka lokacin gida biyu da umarnin survSplit na R, ka faɗi lambar kowane ɓangare. Ko ka ba da matsakaicin tsawon rayuwa zuwa wani wa'adi, a ce shekara 3, wanda likita ma ya fi saurin ganewa.

Abu ɗaya nake roƙonka. Wurin yankan nan, yanayin cutar ne zai nuna maka shi, je ka zauna da likitan. Kada ka yi ta matsar da shi har sai p ta yi maka daɗi. Gobe ka zo da zanen mu duba tare.