Me ya sa H2O ya lanƙwashe, CO2 kuma ya miƙe?

Ƙanena, ka ce a littafinku an zana ruwa (H2O) a lanƙwashe, iskar kabon dayoksaid (CO2) kuma a miƙe, alhali kowanne zarra uku gare shi. Sirrin yana jikin zarrar tsakiya.

Ka ƙirga rukunin ilektiron da ke kewaye da ita, masu haɗi da masu zaman kansu biyu-biyu. Cajinsu iri ɗaya ne, shi ya sa kowane rukuni ke gudun ɗan'uwansa iya gudu. Ka'idar VSEPR ke nan, wadda masana kimiyya Gillespie da Nyholm suka inganta a 1957. Kabon na CO2 rukuni biyu kacal yake da su, don haɗi mai ruɓi biyu ɗaya ake ƙirga shi, sai su rabu da digiri 180. Oksijin na ruwa kuwa huɗu gare shi: biyu da haidurojin, biyu ba haɗi. Waɗannan marasa haɗin sun fi cin wuri, su ke matse kusurwar daga digiri 109.5 irin ta iskar methane (CH4), wadda rukunanta huɗu duk masu haɗi ne, zuwa kusan 104.5. Amoniya (NH3), mai rukuni ɗaya maras haɗi, tana tsayawa wajen 107.

Wajen zane, layi na nufin haɗin yana kwance kan takarda, baƙin tsini ya nufo ka, ɗigo-ɗigo ya yi baya. A ganina haddar jadawalin waɗannan siffofi ɓata lokaci ce. Ka samo lemun tsami a 'Yan Lemo, ka ɗauke shi a matsayin zarrar tsakiya, ka soka masa tsinken tsire huɗu nesa da juna a matsayin rukunan ilektiron, ka riƙa juya shi kana zanawa.