Tari ya lafa, amma maigida ya daina magana

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana shan maganin tarin tibi, yau wata uku. Tarin ya lafa, amma ya daina fita majalisa, abinci sai an matsa masa, barci ya ƙaurace masa. Kullum cewa yake ya zame mana kaya, har ya fara tsallake magani. Danginsa sun ce ƙarancin tawakkali ne, wasu sun ce sammu. Yaya zan yi?
Daga wata mai karatu, ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon damuwa, wanda yakan biyo doguwar jinya. Mai tawakkali ma yana kamuwa da shi, don haka a daina yi masa gori.

Tsallake maganin ne ya fi tayar mana da hankali. Wani nazari na shekarar 2000 da ya tattara bincike da dama ya nuna masu ciwon damuwa sun ninka sauran majinyata sau uku wajen saɓa ƙa'idar magani. Maganin tibi kuwa wata shida ne cur: wata biyun farko magunguna huɗu, sauran wata huɗun magunguna biyu. Tari yakan lafa tun ƙwayoyin cutar ba su gama mutuwa ba. In aka yanke sai su dawo, wani lokacin sun riga sun bijire wa maganin.

Ki raka shi inda yake karɓar magani, ki faɗa wa jami'in lafiya komai, har yawan kwanakin da ya tsallake. In an rubuta masa maganin damuwa, kamar amitriptyline ko fluoxetine, sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kada a ce bai karɓe shi ba a ajiye. Kada ku saya a kemis da kanku, domin rifampicin da ke cikin maganin tibi yana rage ƙarfin wasunsu, sai likita ya daidaita.

Ƙarfin hali kuwa gina shi ake yi. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattijai mata suna zama da majinyata a kan benci, zama shida, suna warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 ne ke da sauran alamomin damuwa, alhali cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba kusan rabi ne. Ki gwada hakan a gida. Ku ɗauki abu guda da ke cinsa, bashin taki ne ko gonar da ba a nome ba, ku nemi mafitarsa, sauran su jira. A ba shi ɗan aiki, ko da ba wa awaki dusa ne. Mutum ɗaya ya tsaya masa kan magani kowace safiya kafin karin kumallo. Kuma a daina ware masa kwano, ta iska ake ɗaukar tibi.

Maganar "na zame muku kaya" ba ta wasa ba ce. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Ki fitar da fiya-fiya da maganin feshi daga gidan yau. In ya amsa da e, ko ya fara jin muryoyi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau a ranar.