Yadda ƙungiyoyin adawa da zubar da ciki a Amurka ke tsayar da gwaninsu

Malam, ka tambaya ko addinin ɗan takara suke dubawa kafin su mara masa baya. A'a. Joe Biden ɗan Katolika ne, amma sun yaƙe shi a 2020.

Abu na farko shi ne tarihin ƙuri'ar ɗan takara a majalisa. Ƙungiyoyin National Right to Life da SBA Pro-Life America kowacce na ba 'yan majalisa maki bisa yadda suka jefa ƙuri'a, misali a kan tanadin Hyde na 1976, wanda ya hana kashe kuɗin gwamnatin tarayya kan mafi yawan zubar da ciki. Sabon shiga kuwa takardar tambayoyi ake aika masa ya cike, wani lokaci a zauna da shi.

Sai lissafin cin zaɓe, kuma a ganina shi ya fi nauyi. Sukan fifita mai sassauci da zai iya kai bantensa a kan mai tsauri da zai sha ƙasa. Dubi Trump: a 2023 shugabar SBA, Marjorie Dannenfelser, ta ce ba za su goyi bayan wanda ya ƙi a kafa dokar ƙasa da za ta hana zubar da ciki bayan mako 15 ba. Trump ya ce a bar wa jihohi batun, tunda Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki a duk ƙasar, a 2022. Duk da haka shi suka bi a 2024.

Kusan duk 'yan Republican suke ɗauka. Tsohon ɗan majalisa Dan Lipinski na jihar Illinois na cikin 'yan Democrat ƙalilan da suka taimaka wa, shi ma ya faɗi zaɓen fid da gwani a 2020.