Amsa: Ikkilisiya ta rabu, gidanmu ma ya rabu

'Yar'uwa, salama a gare ki. Kin tambaya yadda za ki riƙe bangaskiya da kwanciyar hankali tun da rikicin Methodist ya shigo gidanku, Baba ya bi Global Methodist, sabuwar ikkilisiyar da ta ɓalle, ke kuma kina nan UMC, wato United Methodist Church.

Na san zafin. Tun da babban taron UMC a birnin Charlotte na Amurka ya ɗage haramcin naɗa masu neman jinsi ɗaya aikin fasto a 2024, Bishop John Wesley Yohanna, shugaban UMC a Najeriya a lokacin, kuma ya fice zuwa Global Methodist, Taraba ba ta huta ba. Magana ta bar koyarwa, ta koma kan gine-gine da kotu. Faɗan manya ne, kada ki kawo shi gaban tuwon dare.

Duba Ayyukan Manzanni 15. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi a kan Markus har suka rabu, amma daga baya Bulus ɗin nan ya aika wa Timoti ya zo masa da Markus, wai yana da amfani a gare shi.

Ni dai na fita daga zauren WhatsApp na majami'armu, barcina ya dawo. Kada ki daina zuwa zumuntar mata. Ki riƙa gaishe da Baba kowace safiya, in ya tayar da maganar ki ce, "Baba, mu yi addu'a tukuna."